Binciken Kaska Bai Fito Ba

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Bincikena a kan shanun Kawu Idi ya nuna maganin kaska ya daina aiki, amma likitan dabbobi ba zai canza shi ba sai ya ga binciken a mujallar masana. Akwai mujalla mai bugawa kyauta, kowa ya karanta a wayarsa. Farfesanmu mai kula da binciken ya hana, ya ce ba ta kai darajarsa ba. Wadda ta kai kuma, kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Darajar Farfesa tana nan lafiya, shanun Kawu uku sun mutu.

Jiya Kawu ya tare ni: "'Yata, takardar ta fito?" Na ce masa ana kai.

Ku sa mu a addu'a. Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Safiya, Zongon Kumasi