Minti Huɗun Jauro Saleh

Garwa, 9 ga Yuli

Zuwa ga Mairamu, Maman Rahma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Rahma da mutanen gida. Ni lafiya lau, sai zafin Garwa da ko ruwan sama bai iya masa ba.

An ɗauke ni. Na san za ki yi dariya, a ce mai aikin intanet na majalisar yankin nan yana aiko wa matarsa takarda ta hannun direba. Ke kika ce saƙon waya gogewa yake yi, takarda kuwa tana zama a ƙasan akwati. To ga ta nan.

Mu goma sha ɗaya muka kai dosiye, wato takardun neman aiki. Shugabar sashen yaɗa labarai, Madam Josiane, ko buɗe takardun makarantarmu ba ta yi ba. Ta ba kowa bidiyon zaman majalisa na minti arba'in, ta ce a mai da shi minti ɗaya kafin azahar. Shekara shida na yi a rumfata ta bakin gadar Kuseri ina yanka wa mutane bidiyon biki, ashe makaranta nake ban sani ba. Na gama har na samu lokacin shan shayi.

Aikina shi ne in sa abin da 'yan majalisa suka faɗa a shafinmu na Facebook, in kuma tura muryoyinsu ta WhatsApp ga mutanen ƙauye da ba sa karanta Faransanci. Dokar Madam ɗaya ce: in mutum bai ji abin da ya shafe shi a daƙiƙa ukun farko ba, yatsansa ya wuce. Don haka gaisuwa da godiya da "Allah ya ja zamanin wane" duk yanke su nake yi, kuma hannuna ya faɗa.

Gwaji ne na wata uku. In na ci, a ba ni kontira, wato takardar tabbatar da ni a aiki, in zo in ɗauke ku. Har na ga ciki da falo a unguwar Rumde Ajiya, kusa da famfo. In ban ci ba, ki ce wa ƙanena Mahamat kada ya saba da rumfar da yawa.

Na samu labarin rasuwar Kawu Sharif, ƙanen Innarki. Allah ya ji ƙansa. Na tura wa Inna saƙo a waya, ki duba ko ya shiga.

Mijinki,
Dawuda


Garwa, 14 ga Satumba

Mairamu,

Bayan gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Yaya tarin Rahma? Yaya ruwan kogin Logon, ya hau ko da sauƙi?

Na yi ɓarna, kuma gara ki ji daga bakina.

A watan jiya kwalekwale ya kife a Binuwai da mutanen wani ƙauye da suke dawowa daga kasuwa. Mutum bakwai suka rasu. Mai garin, Jauro Saleh, yana cikin sarakunan da ke da kujera a majalisarmu. Dattijo ne mai tsayi, ba ya ɗaga murya. Ranar zama ya miƙe ya yi magana ta minti shida da Fillanci. Minti huɗun farko, kiran mamatan ya yi ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa da gidansu, yana yi masa addu'a. Minti biyun ƙarshe ya roƙi kwalekwale mai inji da rigunan ceto.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ban gane ba. Na ji sunaye, na ji addu'a, na ce a raina gabatarwa ce, na ja ta gefe kamar kullum. Na saki muryar daga inda ya ce suna buƙatar kwalekwale. Ta yaɗu fiye da duk abin da na taɓa sakawa, Madam ma ta yaba mini a gaban kowa. Kwana biyu ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Abin da ban sani ba, iyalan mamatan ne suka tura shi. Sun ce ya je ya kira sunayen 'ya'yansu a gaban manya, don a san mutane ne suka mutu. Sai ga muryarsa a wayoyinsu yana zancen inji, babu ko "Allah ya ji ƙansu". Aka ce ya sha sanyin ɗakin majalisa ya manta da su. Masu zuwa gaishe shi da safe a zaurensa suka daina.

Ranar Talata ya shigo biro ɗinmu, wato ofis, da sandarsa, ya tambayi wanda ke gyara muryoyi. Na miƙe. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Ɗana, mutum bakwai na kira. Ina ka kai su?"

Mairamu, da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Madam ba ta ɓoye ba, ta ce dokar tata ce, amma ita 'yar kudu ce, ba ta jin Fillanci, ni aka ɗauka don in zama kunnenta a nan. Maganar ta kai sama, ga gwajina saura mako uku. Abokin aikina Jérôme ya ce in sake sakin muryar cikakkiya, in rubuta ban haƙuri a ƙarƙashi. Wa zai karanta a can? Na roƙi izinin kwana ɗaya ranar kasuwarsu, da aron lasifikar biro.

Kada ki fara sallamar maƙwabta tukuna. Na kuma lura wasiƙarki biyu babu gaisuwar Inna a ciki.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Dawuda


Garwa, 12 ga Oktoba

Zuwa ga Mairamu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman. Yaya jikinki, yaya hidimar gida ke kaɗai? Ina gaida Rahma, a ce mata na ga zanen motar da ta yi mini. Ina gaida Mahamat da Gwaggo Fanta da ƙafarta. Ina gaida matar Kawu da marayunsa. Yaya Inna, yaya haƙurin rashi?

Na je ƙauyen a babur, lasifika ɗaure a bayana. Ban kunna komai ba sai da na bi gidajen nan bakwai. A kowanne na cire takalmi na zauna a tabarma, na yi ta'aziyya, na faɗi ko ni wane ne da abin da na yi. Wani tsoho ya ƙi ba ni hannu, ban ga laifinsa ba. Bayan la'asar na ajiye lasifikar a ƙofar gidan Jauro na saki maganarsa daga farko.

Mutanen kasuwa suka taru suna ji. Da aka zo kan suna na biyar, wata mata ta ajiye ƙwaryarta ta ce in mayar baya. Ɗanta ne. Sau uku na mayar mata, sannan na tura muryar a wayar maƙwabcinta don ta riƙa ji. Jauro ya sa aka kawo mini nono. Kafin in hau babur na ga takalma sun fara taruwa a bakin zaurensa.

Tun daga nan kowane jawabi iri biyu nake yi. Mutanen birni na Facebook, gajere nake ba su, yatsunsu ba sa zama. Na ƙauye kuwa da gaisuwarsa da addu'arsa yake tafiya. Madam ta ce ba mai sauraron dogon. Ashe har ƙarshe suke ji, su kuma amsa da muryarsu, su gaishe ni sannan su kawo kukansu. Duk Litinin nake tattara wa 'yan majalisa waɗannan muryoyin, yanzu har layi suke yi a teburina. An kuma sa batun kwalekwalen a zama mai zuwa. Ranar Alhamis na sa hannu a kontira. Na gode wa Allah, na kuma karɓi makullin ɗakin Rumde Ajiya.

Saura magana ɗaya. A hanyar dawowa daga ƙauyen na tsaya a gindin wata bishiya na buɗe saƙon da na tura wa Inna a watan Yuli. Ga abin da na rubuta wa matar da ta goyi Kawu a bayanta: "Allah ya ji ƙan Kawu. Inna, an ɗauke ni aiki, a taya ni murna." Layi ɗaya, Mairamu. Kin gani, kika yi shiru wata uku don kada ki ɓata mini gwaji. Na bi gidan baƙi bakwai da ta'aziyya, na bar na surukata.

Ina tafe ranar Juma'a. Kada ki ɗaure ko tukunya. Daga tasha gidan Inna zan wuce, wayar a kashe cikin jaka, in zauna har sai ita ta ce in tashi. Ranar tafiyarmu Garwa ma ita za ta sa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki mai neman afuwa,
Dawuda