Haƙurin Da Na Ƙi Bayarwa

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga Abban Safiyyah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau, yara suna ta gaishe ka.

Na zaɓi rubutu ne don a waya ba ka bar ni na kai ƙarshen magana ba. Gaskiya ne an dakatar da ni daga koyarwa, amma ba ka ji mafarin ba.

Akwai ɗalibata 'yar aji uku, Ummi, mahaifiyarta ta rasu, a hannun babanta take a Daurawa. Na same ta a bayan aji tana amai, jikinta na rawa. Ashe ba ta daɗe da fara al'ada ba, sai ta ɗauke mata, kamar yadda takan yi wa masu farawa. Ƙawayenta suka ce ciki ne, tunda ta taɓa matsuwa da wani namiji a adaidaita sahu. Suka haɗo mata ƙwayoyi ta shanye. Likita ta ce da mun ƙara jinkiri, da gawa za mu kai gida. Yarinyar da ko hannunta namiji bai taɓa riƙewa ba!

Washegari na ajiye darasin ranar, na rufe ƙofar aji. Na gaya wa 'yan matan mece ce haila, yadda ake samun ciki da yadda ba a samu, da wuraren jikinsu da babu mai ikon taɓawa, ko malami ne ko kawu. Da ka ji tambayoyinsu, da ka tausaya.

Magana ta kai kunnen Alhaji Lawan, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Ya ce ina buɗe wa yara ido. Shugabar makaranta, Hajiya Uwani, ta ce in ba da haƙuri a taron iyaye, in yi alkawarin ba zan sake ba. Kai ma haka ka ce. Ka san ba na ƙetare maganarka, amma wannan karon ka yi mini uzuri. Ban yi laifi ba, ba zan tsaya gaban jama'a in ce na yi ba.

Ka kula mini da kanka.

Taka har kullum,
Safara'u

Gyadi-Gyadi, Kano.

Abban Safiyyah,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin da ka ce ya sake ka. Muna nan lafiya, sai kewarka.

An yi taron. Da aka ba ni dama na miƙe, na ce idon yaran nan a buɗe yake tun tuni, waya ce ta buɗe shi, ƙarya kuma take zuba musu. Na tuna musu cewa a Islamiyya mun karanta hukuncin haila da wankan janaba, ba wanda ya kira malamanmu marasa kunya. Na roƙi a bar mata su koya wa mata, maza su koya wa maza, iyaye kuma su ga darasin kafin a shiga aji. Alhaji Lawan ya ce ba shawara aka zo ji ba, haƙuri aka zo karɓa. Na ce to babu shi.

Sai Malam Ashiru, baban Ummi, ya tashi. Ban taɓa faɗin sunan yarinyar ba, shi da bakinsa ya ce 'yarsa ce. Ya ce kunya ta hana shi yi mata maganar, ba shi da macen da za ta yi mata, shirunsa ya kusa kashe ta. Sannan ya zauna. Duk da haka an sallame ni. Na yi kuka da na zo gida, ba zan ɓoye maka ba, ina son ajin nan.

Ranar Asabar sai ga sallama. Mata ne daga Tarauni da Babban Giji, kowace da 'yarta. Cikinsu har da Hajiya Fatima, matar Alhaji Lawan, da 'yan matanta biyu. Ta ce ita ma ba ta san ta inda za ta fara ba, in fara mata. Na shimfiɗa tabarmi, uwa da 'ya suka zauna tare, muka yi har la'asar. Sun ce za su dawo, da wasu.

Saboda haka ina neman izininka a kan tsakar gidan nan duk Asabar. In ka hana, gidanka ne, ba zan yi musu ba. Amma ka sani na je na gaida Inna mahaifiyarka a Tarauni, na ba ta labari. Ta ce in ka ƙi, in kwaso su duka mu zo nata gidan, ita ma tana da abin da za ta faɗa musu.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Safara'u