Na Haɗu da Okeke a Ɗakin Hafsatu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Binta da yara. Ya ciwon ƙafar? Mu nan Rikkos sai godiya.

Ranar Litinin na kai 'yata Hafsatu jami'a. Sun fito da sabon tsari, 'yan shekarar farko masu karatu iri ɗaya za su zauna a gini guda, su riƙa bita tare, wai don su saba da juna. Na ce ashe sai da farfesoshi suka yi taro kafin su gano maƙwabtaka.

Ina shigar da akwatinta sai na ga wani dattijo yana ɗaura wa 'yarsa gidan sauro. Okeke ne, maƙwabcin shagon ɗinkin Baba a Gada Biyu. Tun da rikici ya tashe mu daga unguwar ban sake ganinsa ba, alhali gari ɗaya muke. Ya rungume ni ya ce, "Musa! Ina Baba? Har yanzu yana faɗa da masu ɗamammen wando?"

Yaya, shekara tara da rasuwar Baba, amma mutumin da ya ci tuwo a gidanmu bai sani ba. Da na faɗa masa, sai ya zauna a gadon Hafsatu yana kuka.

Ya ce zai zo ya yi wa Inna gaisuwa ranar Asabar, sai dai ya tambaye ni sau biyu ko ba matsala ya shigo unguwarmu. Ka taya ni addu'a ya zo.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Musa