Sun Tone Mini Doose a Gindin Lemo

Zuwa ga Malama Batulu mai ba da shawara,

Assalamu alaikum. 'Yata, ki taimake ni tun kafin in aikata abin da za a ce tsufa ya fara taɓa ni. Ki yi haƙuri da rubutun, karatuna na yaƙi da jahilci ne, biron ma na jikata ne, ba ta san na ɗauka ba.

Ni tsohuwa ce a nan Lafia, jikoki biyu ne a hannuna, Sharhabilu da ƙanwarsa Afra'u. Hutun bara Sharhabilu, wanda nake tsokana da angona, ya dawo daga jami'a da wani wasa. Ana zama a tabarma, mutum ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a ciki, mafarauci ko maƙeri ko ɗan kasuwa. In ka ce za ka tsallake rafi, sai ka jefa ƙwaya irin ta lido, abin da ta nuna shi ne rabonka. Ba caca ba ce, tatsuniya ce da kowa yake da baki a ciki. Ina gefe ina ɓarar agushi, ina jin angon nawa yana ba da labari kamar mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo. Da na gaji na ce ya matsa. Tun ranar tabarma ta zama tawa, kowace Asabar bayan la'asar, su biyu da Sewuese, 'yar maƙwabciyata mai sayar da doya.

Ƙasar da na ƙago musu, sihiri kaɗan ne a cikinta. Tsohuwa ɗaya tak take da shi, can bayan dutse, kuma duk wanda ta yi wa aiki sai ya bar mata wani abu, ko muryarsa ta damina guda, ko sunan uwarsa ya ɓace masa. Wanda ya ji ciwo, sai saiwa da kwanciya. Wanda ya mutu kuwa ya mutu. Wannan doka Sharhabilu da kansa ya ɗaga hannu ya ce ya yarda da ita. A haka suka koyi roƙo da ciniki da gudu in gudu ya kama. Na taɓa sa su sun kwashe yammaci guda suna lallashin jaki ya shiga kwalekwale, Afra'u har da riƙe ciki don dariya.

Kowa da ƙwallon kwakwa yake tsayar da mutuminsa a tabarma. Sewuese ta shafa wa nata jan farce, ta sa masa suna Doose, 'yar mafarauci. Ranar da kogi ya cika a labarin, Doose ta tsaya cikin ruwa ta riƙe igiyar jirgi har 'yan'uwanta suka haye. Da aka zo kan fitarta, ƙwaya ta ba ta ɗaya, mafi munin rabo. Wallahi zuciyata ta raya mini in ce ƙafata ce ta taɓa tabarma, a sake jefawa. Ban yi ba. Ruwa ya tafi da Doose. Sewuese ta yi kuka, ni kuma na ce hayaƙin murhu ne ya shigar mini ido. Muka binne ƙwallon a gindin lemon tsakar gida, na dama musu kunun gyaɗa, na sa mutanen labarin suka riƙa kiran wurin Mashigin Doose. Daga baya na miƙa mata sabon ƙwallo ta ƙi karɓa. In ta zo sai dai ta taya ni ɓarar agushi tana kallon sauran.

Ana haka yayanta Kelvin ya dawo daga Makurdi, ashe shi ma ya iya wasan. Nasa kuwa sihiri kamar ruwan famfo. Kowa yana tashi sama, ana jifa da wuta, in an sare maka kai a mayar maka kafin ka gama atishawa. Sai Asabar ta fara zuwa ba kowa a tabarmata. Yau a ce darasi, gobe a ce an aike su Agyaragu. Ni da na yi renon uwarsu ai na san ƙarya tun tana rarrafe.

Makon jiya ina shara na ga rami a gindin lemo. Na zagi kaji, na ɗauka su ne suka tona, Allah ya yafe mini. Da na leƙa ta katanga, ga su a bencin Kelvin, ga Doose da jan farcenta a tsakiya, wai tana kan tsuntsun wuta tana ƙone gari. Da na matsa wa Afra'u, ta ce angona ne ya tone ta, kuma da cokalin shayina.

Malama, ba tafiyarsu ce ta fi ƙona ni ba, tonon ne. Mutuwar nan tare muka yi kukanta, ashe a wurinsu abin da cokali zai gyara ne. Har na shirya in sun dawo in saukar wa mutanensu gudawa da ƙaiƙayi marasa magani. To ki gaya mini, in buɗe famfon sihirin ni ma ko za su dawo, ko in naɗe tabarmata in huta? Tun ranar tuwo ba ya wuce mini yadda ya kamata.

Kaka Mai Gindin Lemo, Lafia.

AMSA

Wa alaikumus salam, Kaka. Ki ajiye gudawa da ƙaiƙayin nan tukuna, mu yi magana.

An yi miki laifi, ba zan rage shi ba. Sharhabilu ya amince da doka ya karya ta, sun yi miki ƙarya, sun yi tono a gidanki a ɓoye. Ki kira shi ke da shi, ban da wasan kaka da jika, ki faɗa masa abin ya yi miki ciwo. Ina kyautata zaton bai san zurfinsa ba.

Amma son wasan Kelvin ba cin amana ba ne. Wasanki yana koya musu nauyin abin da suka zaɓa, nasa yana ba su damar tashi sama na yammaci guda. Yaron da ya sha jarrabawa duk mako yana iya marmarin duka biyun.

Sannan ki sake karanta wasiƙarki. Tun mutuwar Doose, Sewuese agushi take ɓara tana kallo. Ke kin ga labari ya yi kyau, ita kuwa ta rasa wurin zamanta, ba ta kuma iya gaya miki ba. Ban ce kin yi kuskure da kika bar ƙwaya ta yi hukunci ba. Amma ba wanda zai tone abin da bai damu da shi ba, kuma a tabarmarki suka koyi son Doose.

Don haka kada ki buɗe famfo, ba za ki fi Kelvin iya ruwan wuta ba, kuma za ki rasa abin da ke kaɗai kike da shi. Kada kuma ki naɗe tabarma. Ku raba Asabar, wannan taki, mai zuwa tasa. Ki je bencinsa sau ɗaya a ba ki tsuntsu ki hau, na san sai kin rikita musu gari. Ku yi magana a fili cewa Doose ta ƙasar Kelvin daban take, a taki ƙasar ruwa ya tafi da ita, sunan mashigin kuma yana nan. Ki sake miƙa wa Sewuese ƙwallo, ki ce ƙanwar Doose ce ta taso neman inda yayarta ta tsaya. Ina ganin wannan karon za ta karɓa.

Ramin kuwa, angonki ne zai cike shi, da cokalin da ya tona, ya wanke ya mayar miki. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya cika tabarmarki ranar Asabar. Ki ci tuwonki, Kaka.

Malama Batulu