Haƙorin da Kika Karya Mini a Ƙarƙashin Teku

Marcella, wutar murhuna a tsakiyar hunturu, guguwar da ta fi mini lafawar teku daɗi!

Tun ranar Lahadi ba ki ɗauki wayata ba. Na rubuta takardar nan na yaga, na sake rubutawa. Kin san halina.

Muna nutso cikin tsohon jirgin dakon tamar ƙarfen nan da ya nutse, inda sanyin ruwa ke yanka kamar aska, sai abin numfashina ya daskare, iska ta ɓalle tana tafasa a fuskata. Ni da ba na shiga ruwa sai na bi kayana ɗaya bayan ɗaya, ni ne na haukace! Na fizge abin numfashinki daga bakinki, na tsaga miki leɓe, na yi sama ina shure-shure. Wanda ya taso a guje daga wannan zurfi, huhunsa fashewa yake. Na sani, har wasu na koya wa.

Ke kuwa, damisar teku, kika cafko ni a jikin igiyar da ta sauko daga jirginmu, kika naɗe ni da ƙafafu, kika zuba mini gwiwa a ciki, kika cusa mini bututun numfashinki na biyu a baki har haƙorina ya karye. Jini a can ƙasa kore yake fita. Naki da nawa suka gauraya. Haka kika hau da ni kaɗan-kaɗan, hannunki a wuyana. Wa ya taɓa rungumata haka? Wane duka ne ya kai wannan zaƙi?

Da muka fito kan jirginmu, Kyaftin Ambrose ya ce, "Kai Cyril, da ka bari kifi ya cinye ka, da ka fi haka kyan gani!" Kowa ya yi dariya ban da ke. Kika tofar da jini kika ce, "Nemi wani abokin nutso."

Wani wa? Ba na ce ki yarda da ni ba, sanyin idona, ni ma ban yarda da kaina ba. Na koma tafkin 'yan koyo, Ambrose yana fizge mini bututu ba sanarwa, ina koyon haƙuri. Ko haƙurin ya zauna mini, ban sani ba.

Ranar Asabar jirgi zai fita. In kin ga dama, ki sauka da ni. In da wani za ki sauka, ba zan shiga ruwa ba. Zan tsaya a bakin jirgi ina gadin kumfar numfashinki har ki fito.

Naki har numfashin ƙarshe,
Cyril