Sawun Hannun Umma a Bango

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Ya jikin Umma? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan gaisuwa, na yi magana da dillali ta waya. Ya ce gidan zai samu mai saye da wuri idan aka ɗan yi masa kwalliya, kuma ba sai an kashe abu mai yawa ba. Ki sa a shafa farin fenti a falo da hanyar banɗaki, a gyara famfon da ke ɗiga, a wanke tagogi. Mafi muhimmanci, a rage tarkace. Ya ce kujeru su koma jikin bango, teburin tsakiya ya fita, don falon ya yi faɗi a idon mai saye.

Kin san dalili. Idon Umma ya rufe gaba ɗaya, ke kuma wurin aiki sun mayar da ke wani gari, ba za a bar ta ita kaɗai ba. Mun riga mun shirya mata ɗaki a nan wurinmu. Ki yi yadda na ce, kada a tsaya jan magana.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaida mai ba da umarni daga nesa, tare da matarsa da yara.

Aikinka ya kankama. Famfo ni na gyara shi da kaina, ashe wata 'yar roba ce ta cinye. Fenti kuwa mai shagon bakin titi ya bar min ragowar nasa da araha, yanzu falo sai ƙyalli yake, ko kai ka shigo sai ka cire takalmi.

Sai na bi shawarar dillalinka na jera kujeru a jikin bango. Da hantsi Umma ta tashi za ta kicin, ta miƙa hannu inda kujerar Baba take tun muna yara, ta kama iska. Goshinta ya bugi ƙofa, ya kumbura suntum. Ba ta yi kuka ba. Zama ta yi a ƙasa tana lalube, ta ce, "Auta, gidan wa muka zo?" Wallahi, Yaya, ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba. Kafin azahar na mayar da komai inda yake, har teburin da ka tsana.

Akwai kuma wani abu da ba a gani ta waya. Daga ƙofar ɗakinta zuwa banɗaki, hannunta ya yi wani baƙin sawu a bango, daidai kafaɗa. Ta san kowane tsagi a wurin, akwai ramin ƙusa da in ta taɓa shi ta san kwana ta zo. Mai fenti ya ɗaga burushi zai cike ya shafe, na riƙe masa hannu. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya bar tsakiya. Ya ce bai taɓa irin wannan aikin ba, na ce to yau ya fara.

Ka gaida kowa.
Auta

*

Auta,

Sallama da fatan alheri. Labarin faɗuwar Umma ya tayar min da hankali matuƙa. Ki kai ta a duba goshin.

Amma ki yi tunani. Babu wanda zai sayi gida da baƙin layi a bango. Dillali zai kawo wasu mata da miji ranar Asabar. Ki kai Umma wurin maƙwabciya na ɗan lokaci, ki matsar da kujerun, a shafe layin nan, in sun tafi ki dawo da ita. Kada ki ɗauka ke kaɗai ce ta damu da ita. Kullum wayata ta yi ƙara gabana sai ya faɗi.

Na bar ki lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma yau a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Ban kai Umma ko'ina ba. Uwata ba tsohuwar katifa ba ce da za a ɓoye don baƙi na zuwa. Dillalinka ya shigo da mutanensa, turarensa ya riga shi isowa, ya nuna bango da makullin mota ya ce, "Wannan dattin fa?" Sai ya hango Umma a kujera, ya rage murya ya ce min, "Ba a fitar da tsohuwar ba? Ai gidan sayarwa ba a barin irin wannan a ciki."

Ya manta ido ne ya tafi, kunne yana nan garau. Umma ta juyo ta ce, "Wane gidan ne na sayarwa?"

Ka ga inda muka yi ta'asa, ni da kai. Ni na ce mata fenti kawai ake yi, kai kuma ka bar min faɗin sauran. A bakin baƙo ta ji. Matar da ya kawo ta sunkuyar da kai don kunya, shi kuwa na buɗe masa ƙofa na ce ya bi turarensa. In zai kai ƙara wurinka, ya kai, ba zan ba shi haƙuri ba.

Aikina na wancan garin ma in ta kama in bar shi, zan bari. Sannan ina da tambaya: ɗakin da kuka shirya mata, ba a saman bene yake ba?

Auta

*

Dogo,

Ni ce uwarka. Auta ke rubutawa, na ce kada ta ƙara ko ta rage. Ina gaishe ka, ina gaida jikokina.

Allon sayarwa da dillali ya kafa a ƙofar gida na sa mai fenti ya shafe shi da ragowar farin. Auta za ta tafi aikinta, ban yarda ta bari saboda ni ba, maƙwabciya za ta riƙa kwana a wurina. Kai kuma ka zo da ƙafarka, ka zauna gabana, ka tambaye ni kamar yadda ake tambayar mai gida.

Kun ce na makance. A waje ne, Dogo. A cikin gidan nan ina gani, kuma ban shirya makancewa sau biyu ba.

Allah ya yi maka albarka.
Umma