Maganin da Baba Ke Jira

Gwadangaji, Birnin Kebbi
4 ga Maris

Yaya Mujtaba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya zaman ƙasar Sin? Inna da maigidana Abdulhafiz suna gaishe ka. Da hannu na rubuta, zan ɗauki hoto in turo, don a waya bakina ba zai iya ba.

Baba yana gidana tun da aka fara masa maganin dajin mafitsara. Likita ya ce tsargiyar da ya ɗauka a shekarun da ya yi yana su a gulbi ce ta jawo. Sau biyu aka ɗura masa magani ta jijiya. Kowane karo sai ya kwana huɗu yana amai, bakinsa ya yi gyambo, ko kunu ba ya wucewa.

Ranar Laraba, don in sanyaya masa rai, na ba shi labarin bincikenka yadda ka bayyana mini. Na ce kuna mai da maganin daji ƙananan ƙwayoyi har ido ba ya gani, ba ku zuba shi cikin wani abin da zai ɗauke shi, shi da kansa yake dunƙulewa ya bi jini ya taru a kan ciwon, sauran jiki ya samu sauƙi. Sau uku ya sa na maimaita. Ban gaya masa a jikin ɓeraye kaɗai kuka gwada ba. Na ga yana murmushi, sai na kasa.

Jiya ranar komawa asibiti ce, ya ƙi tashi. Ya ce, "Wanga ruwa shi ka kashe ni. Na Mujtaba nika jira."

Don Allah ka kira shi ka faɗa masa gaskiya. Ni ba ya saurarena yanzu.

Ƙanwarka,
Ɗayyaba

Argungu
19 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Inna ta ce ya jikinka, ta ji kana tari a waya.

Ina zaune kusa da Baba lokacin da ka ce masa maganin zai kai shekara goma kafin a ba mutum, in ma an ba. Da ya ajiye wayar ya ce mana tun kana ƙarami ba ka yabon aikinka, ko ka zo na ɗaya sai an ji a bakin malami. Washegari ya sa aka mayar da shi gida. Na biyo shi.

Fitsarinsa jini ne yanzu, da gudaji. Ciwon ya shiga ƙashin bayansa, sai mun juya shi. Inna ba ta taɓa ce mini laifina ba ne. Sai dai in na shiga ɗakin, ta fita.

Zan tambaye ka abin da na san amsarsa. Ba ka iya aiko ko 'yar kwalba ɗaya? Kada ka yi fushi. Na yi ta hana kaina rubuta wannan layin.

Taka,
Ɗayyaba

Argungu
2 ga Yuni

Yaya Mujtaba,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara.

Ka tambaya ko ya yi fushi da kai. Bai yi ba. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, yana cewa a gyara maka ɗaki.

Akwai abin da ban faɗa maka a waya ba. Bayan addu'ar bakwai, Tamba, abokin Baba a wajen su, ya yi sallama tare da wasu masunta huɗu. Dukansu suna fitsarin jini, ɗaya ma an riga an ce masa daji ne. Ashe duk wanda ya zo dubiya, Baba sai ya ba shi labarin maganinka. Tamba ya miƙo mini takarda, ya ce in rubuta sunansu, kada in magani ya iso a manta da su. Mai dajin ya ce shi ma ya bar zuwa asibiti.

Na gaya musu babu magani tukuna, na rantse musu. Tamba ya ce, "Mun ji, ɗiyata. Rubuta dai."

Na rubuta, Yaya. Takardar tana hannuna. Ka nemi hutu ka zo su ji daga bakinka, tun mai dajin nan yana iya tafiya da ƙafarsa.

Ƙanwarka,
Ɗayyaba Labbo